Hambali da Dalmar Injin Jirgi

Sunansa Hambali Badaru Fagam. Na fara saninsa a daminar 1974, lokacin da nake zuwa kasuwannin ƙasar Gwaram daga Birnin Kudu domin sayen fatu. Shi ne mai fito a kogin da ke bayan garinsu, da gora yake tura kwalekwale. Ranar da ya fara ƙetarar da ni, kafin mu kai gaci ya karɓi tocilata ya kwance ta, ya duba cikinta, ya mayar. Ba lalacewa ta yi ba. Halinsa ke nan, bai iya zama da abu rufaffe.

Da kuɗi suka yawaita a ƙasa, sai ya sayar da shanunsa na huɗa ya sayo injin jirgi a wani kamfani a Kano. An haɗa masa da takardar garanti, akawun kamfanin ya rubuta sharuɗɗan da Hausa a bayanta. Ni ya kawo wa, domin duk da sai da na yi furfura na shiga ajin yaƙi da jahilci, ba a taɓa kawo mini rubutun da ya gagare ni ba. Na karanta masa: tsawon shekara guda, duk abin da ya lalace kamfani zai gyara kyauta, muddin ana kai injin sabis Kano ana biya, kuma ba wanda ya cire 'yar dalmar da aka liƙa a kan murfin.

Ya ce, "Malam, sake karanta na ƙarshen."

Na sake.

"Abin nawa, da shanuna, amma ba zan leƙa ba?"

Matarsa Kulu ta amsa daga bayan danga: "Ka leƙa mana, Maigida. Sai ka ɗaura wa kanka garma ka yi mana huɗar."

Ya daure. Da lokacin sabis ya yi, ya ɗora injin a motar kasuwa, ya biya kuɗin mota da na aiki, waɗanda suka kusa cinye abin da fito ya kawo. Ba wannan ne ya dame shi ba. Ya roƙi makanikai su bar shi ya tsaya ya gani, suka ce doka ta hana, suka ajiye shi a benci a waje. Ya dawo da sabuwar dalma, bai ga kome ba.

Ana tsakar damina injin ya fara zafi yana mutuwa. Garanti bai ƙare ba. Da ya kai Kano, da an gyara masa ba ko kwabo. Na je har zaurensa na tuna masa da haka. Na same shi zaune da injin a kan tabarma, wuƙa a gefensa.

"In na kai, za su sake ajiye ni a benci," in ji shi. "Kai ba ka so ka san abin da ke cinsa?"

Ina so, ban kuwa ɓoye ba. A gabana ya yanke dalmar.

Muka wuni muna kallo. Can ƙasa ya tarar da wata 'yar roba mai fukafukai wadda ke jawo ruwa ta sanyaya injin, yashin kogi ya cinye ta. Ya daɗe yana juya ta a tafin hannu yana murmushi. Kamfani ya ce ba ruwansa, kamar yadda aka rubuta. Ya yanko irinta daga tsohuwar tayar mota, ta yi aiki 'yan kwanaki, sannan injin ya ƙone gaba ɗaya. Hambali ya koma gora. A shekarar nan da fartanya suka yi noma, Kulu kuwa ta daɗe ba ta kai masa tuwo zaure da kanta ba.

Bai jefar da injin ba. Ya yi ta kwance shi yana ɗaurawa har ya san mazaunin kowane ƙusa. Da injinan ban ruwa suka shigo fadamu, wurinsa ake kai su, kuma ba ya taɓa na kowa sai mai shi ya zauna yana kallo. Da na tambaye shi ko yana nadama, sai ya ce ta shanun yana yi, ta dalmar kuwa bai taɓa yi ba.

Rabona da shi tun ranar 9 ga Disamba, 1983, a tashar motar Gwaram.