Kwanson da Ya Maƙale a Bindigar Tanko

Makau maƙeri ne a Zugu, ɗan maƙeri, jikan maƙeri. Lokacin da na tafi karatu, kalme da lauje da kan gatari kawai yake ƙerawa. Da na dawo bayan shekara tara, na tarar da bindigogi jingine a bangon maƙerarsa. Hare-haren 'yan bindiga sun sa gari ya ware mutanen da za su riƙa raka manoma gona, bindigoginsu kuwa tsofaffi ne, gadon mafarauta.

Ciwon bindigogin kusan ɗaya ne: a harba, kwanson harsashi ya ƙi fita, ba halin saka wani. Makau yakan leƙa cikin bindiga a hasken rana, ya juya kwanson a tafin hannu kamar mai duba irin gero. Wani lokaci datti ne. Wani lokaci ɗan ƙarfen da ke fizgo kwanson ne ya cinye, wanda shi yake kira ƙugiya, sai ya ƙera sabuwa.

Cikin masu rakiyar akwai Tanko, mutum mai tsokana.

"Baba Makau, wagga bindiga ta girme ka hwa," in ji shi ranar da ya kawo tasa.

"Ta girme ni, amma ta hi ka jin magana."

Makau ya sa mata sabuwar ƙugiya. Kwana tara bayan haka, da hantsi, aka auka wa manoma a gonakin hanyar Gwashi. Tanko ya yi harbi ɗaya, kwanso ya maƙale. Manoman sun tsira. Shi aka ɗauko gawarsa da bindigar a hannu.

A wurin zaman makoki ba wanda ya ce wa Makau uffan, amma tabarmar da ya zauna a kai ba wanda ya ƙara zama. Rana ta uku Gwadabe, wan mamacin, ya zo maƙera ya jefar da bindigar a gabansa.

"Ga aikinka nan."

Ina wurin Makau ya buɗe ta. Ƙugiya lafiya lau take. Ramin da harsashi ke zama ne ya cika da wani baƙin abu mai danƙo. Ya lakato ya shinshina, ya miƙo mini yatsan. Man gyaɗa ne, ya haɗu da ƙura da baƙin albarushi ya kama kwanson.

"Ba aikina ba na," ya ce a hankali. Ya ƙudura zai bayyana wa jama'a bayan la'asar, amma ya ce sai ya san wanda ya zuba man. Na raka shi gidan Tanko. Matarsa, wadda zan kira Hidaya, tana takaba, daga bayan labule ta amsa gaisuwarmu. Tun bai tambaya ba ta soma magana.

"Baba, ni dai na kasa ganewa. Ba ranar da ban goge bindigar ba. Tun da kag gyara ta nike shahwa mata man gyaɗa ciki da waje, kar damina ta sa ta tsatsa. Ko shi ban hwaɗa mai ba, kar shi ce ina taɓa kayan maza. To mi yas same ta?"

Makau ya ce mata:

"Ɗiyata, ke kin yi iyakar naki. Ƙarhen da nas sa na bai da kyau. Ki yahe mini."

Ta fashe da kuka, ta ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya.

Maganar ƙarfen nan Makau ya maimaita a ƙofar masallaci, a gaban Gwadabe. Ya so ya ƙara da cewa kada kowa ya kusanci bindiga da man girki, amma mutane sun riga sun juya suna neman takalmansu. Washegari masu rakiya suka kwashe bindigoginsu, suka koma kai wa wani a Bukkuyum.

Gargaɗin nan ne ya dame shi. Ya roƙe ni in kai wa masu rakiya shi da bakina, in ce a littafi na karanta. Na kai, suka karɓa, har da godiya.

Makau ya rasu bara kafin girbi. Mu bakwai muka kai shi makwanci. Gwadabe bai zo ba.