Odessa Ta Yi Wa Gidan Wani Fenti

Odessa Tillman maƙwabciyata ce a gabashin birnin Cleveland na Amurka, tsakanin gidana da nata sai 'yar siririyar hanyar mota. Abinci take dafawa a firamaren unguwarmu. Yaran da ta fara zuba wa madara sun yi gemu, yanzu 'ya'yansu take zuba wa. Mace ce mai auna magana kamar gishiri. Ni kuwa, Vernell, bakina ba shi da birki, wataƙila shi ya sa muka daɗe tare.

Duk rayuwarta a gidan haya ta yi ta. Mahaifiyarta ta yi noma a gonar wani a Alabama kafin su hauro arewa, kuma doka ɗaya ta bar mata: kada ki gyara abin da ba naki ba. Odessa ta riƙe wannan doka gam. Gidanta tsaf yake, amma ko ƙusa ba ta taɓa bugawa a bango ba. Hotunan jikokinta a jingine suke a kan kabad, tumatir ɗinta kuma a bokitai take shukawa.

Sai mai gidan, Mista Gorski, ya tsufa, ya ce zai sayar ya koma wurin 'yarsa. Ita ya fara gaya wa. Albashinta zai iya biyan banki wata-wata, amma kafin alƙalami ne ba ta da shi. A coci ta ji cewa hukumar birni tana biya wa masu ƙaramin ƙarfi wannan kuɗin, in dai ba su taɓa mallakar gida ba. Sai an shiga aji an koyi sayen gida, sai an yi alkawarin zama a gidan na wasu shekaru, sai kuma mai duba gidaje ya zo ya ce gidan lafiyarsa ƙalau.

Ranar Asabar ta tafi ajin da hular zuwa coci a kanta.

Na ce, "'Yar makaranta, kin ɗauki kuɗin tara?"

Ta ce, "Vernell, ki ji da kanki."

Komai ya tafi daidai har mai duba gidaje ya zo. Ya zaga ciki bai ga aibu ba, amma da ya fito baranda sai ya sa farce ya ɓantaro fenti. Tsohon fenti ne mai gubar dalma, yana ɓarewa ko'ina. Ya ce birni ba zai saki ko sisi ba sai an kankare an sake shafawa.

Mista Gorski ya ce shi ya gaji da gyara. "Misis Tillman, ƙafafuna sun ƙi, aljihuna ma ya ƙi. Akwai kamfanin da zai saya yadda yake, kuɗi hannu. Zan jira ki zuwa ƙarshen wata, ban wuce nan ba."

Mun san kamfanonin nan. Suna saye, haya ta ninka, mai ciki ya kwashe kayansa. Na same ta zaune a matakala tana kallon fentin, raina ya ɓaci.

Na ce, "Ke dai tashi mu kankare. Fenti ne fa, ba gini ba."

"Gidan wani ne."

"Yau na wani ne."

"In na gyara ya sayar wa wasu fa? Na yi musu aikin banza ke nan. Mama a gonar wani ta haƙa rijiya, da ruwa ya fito aka ce su tashi."

Gaskiya ta faɗa. Tsoro na gani a fuskarta, abin da ban saba gani ba.

Da safe na ji ƙarar kankara. Na leƙa, ga Odessa da takunkumi a hanci, ta shimfiɗa leda a ƙasa, tana jiƙa katako tana kankarewa kamar yadda aka koya musu. Na ɗauko tsanina. Bayan an tashi coci mata uku suka zo da soyayyen kifi da burodin masara, suka fi ba da umarni a kan aiki. Fentin da ta sayo ruwan toka ne, irin na da sak.

Na ce, "Duk launukan duniya, sai na toka?"

Ta ce, "Launin mai gida ne. Ban saya ba tukuna."

Muna shafi na biyu motar Mista Gorski ta tsaya. Ya fito da sandarsa a hankali. Ya ce mutanen kamfanin sun wuce sun ga gidan ya yi kyau, sun ƙara masa kuɗi. Ni har na buɗe baki, Odessa ta harare ni. Ta ce masa, "Gidanka ne, Mista Gorski." Ta juya ta ci gaba da shafi.

Ya daɗe a tsaye yana kallonta. Can ya nuna da sanda ya ce, "Kin bar wani wuri a ƙasan tagar can. Mai duban nan zai gani."

Mai duba ya dawo ya amince, Mista Gorski ya sayar mata, aka sa hannu, birni ya biya. Odessa ba ta yi biki ba, washegari ma ta tafi aiki.

Da dusar ƙanƙarar hunturu ta fara narkewa, wata rana da hantsi ta kira ni. Na tarar da ita a ɗakin sama, ruwa yana ɗiga daga silin cikin tukunyar miya. Waya na hannunta.

Ta ce, "Har na fara danna lambar Mista Gorski."

Na ce, "To yanzu wa za ki kira?"

Ta ajiye wayar a kan gado, ta ɗaga kai tana kallon ɗigon. Idonta ya kawo ruwa, amma murmushi take yi.

Ta ce, "Vernell, rufina ne yake yoyo."