Taku Bakwai, Sai Kwana

Mai shagon kayan lantarki ba ta taɓa ganinsa ba. Dattijo ne dogo, rigarsa a goge, amma maɓalli ɗaya ya shiga ramin da ba nasa ba. Yatsunsa duk tabon ƙunar dalma ne. Yana rungume da kwalin takalmi kamar mai ɗauke da jariri.

Ya durƙusa ya fito da ɗan mutum-mutumi mai taya uku, da faranti a kansa daidai zaman kofi. Tayar hagu ce ta cinye. Ta ba shi sabuwa, ya ɗaura, ya danna.

Abin ya miƙe a kan siminti, taku bakwai, sai ya yi kwana ya zagaye fili inda babu komai, ya tsaya. Ya ɗaga farantin a hankali.

"Baba, idonsa ne ya lalace, iska yake kauce wa," in ji ta. "Kawo in goge 'yar ƙwaƙwalwar, in zuba masa sabon umarni."

"Ba shi da ido, 'yata. Ƙidaya na koya masa. A nan ƙafar gadon matata take."

Ta sake kallon maɓallin rigarsa, tana tunanin wacce ta saba gyara masa shi. Farantin yana nan a sama, daidai inda hannun mai kwance zai kai. Ta sunkuya za ta kashe, dattijon ya tare ta.

"Bar shi ya cika ashirin ɗinsa. Ba ta saurin miƙo hannu."