Shekara Shida Keziah Ba Ta Ɗauki Hutu Ba

Keziah Manga 'yar Zing ce, a Yola ta koyi buga tafireta, a can kuma ta kama aikin gwamnati. Tana cikin ma'aikatan da aka kwaso a ƙarshen 1991, da Jalingo ta zama babban birnin jiha, aka zuba su a ofisoshin da ko kujeru ba su ishe su ba. Ita da mijinta Philemon, kafinta, da 'yarsu Albarka suka kama ɗaki biyu a Mayo Gwoi. Kai, da ka gan ta a lokacin! Ga jiki ga murya, ita ke ba da waƙa a Zumuntar Mata ta coci, in kuwa ta zauna gaban tafireta sai ka ce ruwa ake yi a kan kwano.

Saurin hannun nan ne ya ja mata. Da aka fara rage ma'aikata, oga ya nemi wadda ba ta kuskure kuma ba ta da surutu, aka ce ga Keziah. Sai a sa ta a ɗakin ciki, a rufe ƙofa, a ajiye mata sunayen waɗanda za a sallama, ita kuma ta buga su a kan stensil, takardar nan mai kaki da ake ɗaura wa inji a gurzo kofe ɗari. Sati biyu, wani lokaci uku, kafin a manna sunayen a allo, ita ta riga ta sani. Ta san direban da ke gaishe ta kullum da safe ya tafi. Ta san mijin matar da ke zama kusa da ita a coci ya tafi. An kuma ja mata kunne, ko mijinta kada ya ji. Duk ran da aka miƙo takardar, kafin ta taɓa tafireta sai ta bi ta da yatsa daga sama har ƙasa, tana neman sunanta.

To, a ofis ɗin akwai wata doka da ba wanda ya rubuta. A zagayen farko, mutum huɗu da ke hutun shekara sun dawo sun tarar da sunansu a allo. Shi ke nan, magana ta zauna: wanda ya tafi hutu ya nuna ana iya aiki ba shi. Daga ranar ba wanda ya ƙara neman fom ɗin hutu. Mai zazzaɓi ya zo yana rawar ɗari, mai jego ta dawo kafin arba'in. Ni dai ban taɓa ganin wautar da ta yi kama da hankali irin wannan ba, amma wa zai hana su jin tsoro? Albashin Keziah shi ne abincin gida, shi ne makarantar Albarka, don aikin kafinta yau akwai gobe babu.

Gajiyar ba rana ɗaya ta zo ba. Da farko sai ta tashi da safe ta ji kamar ba ta kwanta ba. Daga baya gaɓoɓi suka soma ciwo, kai ya yi nauyi, ta karanta layi ɗaya kafin ta kai ƙarshensa ta manta farkonsa. In ta je Kasuwar Jalingo ranar Asabar ta ɗauko kwanon masara, to Lahadi a kwance za ta yi ta. Waƙa ta gagara. Mai kyamis ya ce zazzaɓi ne, ya yi mata allura. Wani ya ce taifot. Ta sha maganin ƙarin jini kwalba nawa, Allah kaɗai ya sani, ta koyi cin goro, abin da da can take yi wa tsofaffi dariya a kai. Da safe ta shafa hoda ta ɓoye ramin idonta, ta miƙe sambal a gaban oga, yana wucewa ta dafa tebur.

Stensil ne ya soma tona mata asiri. In an yi kuskure a kai, wani jan ruwa ake ɗiga wa wurin a sake bugawa. Kande, ƙaramar mai tafireta da ke ɗakin waje, ta ɗaga wani ta duba a haske ta ce, "Anti, wannan stensil naki ai ƙyanda ya yi."

Wasa ta yi, amma maganar ta yini a ran Keziah. In Kande ta gani, oga ma ya gani ke nan.

Wata Litinin a 1997 tana buga wata wasiƙa a ɗakin ciki, ba ta san yadda aka yi ba, sai ta farka goshinta a kan haruffan tafireta, ana ƙwanƙwasa ƙofa. Oga ne. Ya dubi takardar, ya dubi shatin da ke goshinta, ya juya ya tafi. Wayyo, da ma zaginta ya yi! Da aka tashi ba ta iya zuwa gida ba, ta hau acaɓa ta nufi unguwar Sarkin Dawaki, gidan Mama Margaret, tsohuwar nas da ta yi ritaya, wadda suke coci ɗaya.

Mama Margaret ba ta ba ta ko ƙwaya ɗaya ba. Ta tura ta asibiti a auna jini, a auna sukari, a duba ƙirji, har gwajin cutar da mutane ke raɗa a kanta in sun ga mutum ya rame. Kwana takwas Keziah tana jira, tana kallon Albarka tana share hawaye a ɓoye. Sakamako ya fito, ba komai.

"To mene ne ke kashe ni, Mama?"

"Zauna, 'yata. Yaushe rabonki da hutu?"

Sai Keziah ta fashe da kuka. Nan ta zazzage duk abin da ta haɗiye tun zuwansu garin.

Mama Margaret ta ce, "Kin ga akuya in kare ya koro ta? Ta yi gudu, ta tsira, ta koma cin ciyawarta. Ke shekara shida kina gudu, ba ki tsaya ba ko sau ɗaya. Jiki ba ya bambanta kare da takardar oga. Allura ba ta maganin wannan, kuma kada wanda ya ce miki lalaci ne."

Ta ce ta bar goro, ta daina fita da safe ba ta karya ba, ta riƙa kwanciya lokaci ɗaya kullum. Da yamma ta taka a hankali zuwa bakin rafi, ta juyo tun kafin ta gaji, ba sai ta gaji ba. Ta koma Zumunta ko da zama kawai za ta yi a ji ta cikin mutane. Ta kuma faɗa wa mijinta, don kayan ya fi ƙarfin kai ɗaya. "Sannan ki ɗauki hutunki. Ban ce za ki warke a wata ɗaya ba, amma in ba ki tsaya ba, sauran duk aikin banza ne."

"Mama, komai zan iya, ban da wannan. In na tafi, sunana zai fita."

"In ba ki tafi ba fa?"

Philemon yana goge wata kujera a tsakar gida ta gaya masa. Ya ajiye sanfefa ya juyo gare ta. Ya ce, "Maman Albarka, ashe wannan kike ɗauke da shi ke kaɗai? In kika faɗi a kan injin nan, kafin la'asar sun zaunar da wata. Mu kuma wa za a kawo mana? Ki cika fom."

Ta cika. Oga ya sa hannu ko kai bai ɗaga ba, wannan kuwa ya fi komai tsorata ta.

Satin farko ya fi zuwa aikin muni. Ƙarfe takwas na yi sai ta ga kamar ana can ana ambaton sunanta. A sati na uku ta cinye tuwonta tas, har ta nemi ƙari. Ta shuka kuɓewa a bayan ɗaki. Ranar Alhamis ta zauna a bayan mata a Zumunta, ba ta sani ba sai ta ji bakinta yana amsa waƙa. Gajiyar tana nan, amma ta ɗan saki wuyanta.

A sati na biyar maƙwabciya ta leƙo ta ce an manna sabbin sunaye. Keziah ta ɗaura ɗankwali ta tafi. Mutane sun cika gaban allo, suna ganinta suka dare. Lamba ta sha bakwai: Keziah Manga.

Ta dafa bango, ta ci gaba da karantawa har ƙasa, don ta saba. Nan ta ga ranar da aka sa hannu: watan Fabrairu. Yau kuwa ana cikin Yuli. Tun kafin barcin nan ya sace ta, tun kafin ta san hanyar gidan Mama Margaret, an riga an gama. Kande ta matso tana raɗa, ta ce kwamfuta biyu aka kawo, shi ya sa ake rage masu tafireta, takardar tana cikin durowar oga duk watannin nan don ya rasa yadda zai ba Keziah ta buga sunanta da hannunta.

"Wato da na huta da ban huta ba, duk ɗaya ne?"

Sai a lokacin Keziah ta dubi Kande da kyau: hoda a ƙasan ido, jan goro a haƙori, yarinyar da ko talatin ba ta kai ba. Ta damƙe hannunta ta ce, "Kande, dubi kwanan watan nan! Ku duka ku duba! Ba hutu ne ya kore ni ba. Don Allah gobe ki cika fom."

Ba wanda ya dubi ƙasan takardar. Kande ta zare hannunta a hankali, ta waiwayi ƙofar oga.

"Anti, ki yi haƙuri. Ke ma da kika tafi, ai ga shi."

Ta koma ciki da sauri, can sai ƙarar tafireta ta tashi.