Ƙauna Mai Caji, Matar da Ba Ta Leƙa Wayar Kowa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Ubangijin da Ya halicci rana, Ya sanya ta fitila ga bayinSa baki ɗaya, Mai suturta aibin bawa alhali Yana ganinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon rahama da iyalansa da sahabbansa. Ya Allah, Ka daidaita wannan alƙalami, kada ya ƙara wa kowa abin da bai aikata ba, kada kuma ya tauye masa abin da ya aikata.

Bayan haka, wanda ya saba shiga Kasuwar Jalingo da sassafe ta wajen masu doya ya san wata doguwar mata mai tabarau, wadda take jingina tsani a bango tun ba a buɗe shaguna ba. Takan hau da bokiti da tsumma, ta goge farantan sola ɗaya bayan ɗaya, ta kankare kashin tsuntsu, sannan ta sauko ta duba baturanta, ta baje allon caji. Kafin hantsi ya dubi kasuwa, wayoyin mutanen ƙauyukan hanyar Sunkani sun cika allon: na manoma, na masu nono, na masu keken haya. Sunanta Ƙauna 'yar Tobiya, amma kasuwa ba ta san ta da wani suna ba sai Ƙauna Mai Caji. A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, domin idanunta sun gaji da ƙura wa ƙananan kayan cikin waya, likita kuma ya ce ta huta. Shi ya sa na ɗauki alƙalami tun tana raye, tun tana iya jin abin da aka faɗa a kanta.

Na san wani zai ce, me ya haɗa dattijo mai karantarwa a zauren Yelwa da yabon mace Kirista mai gyaran waya? Amsata ita ce an hore mu da faɗin gaskiya a kan kowa, ko addininmu ɗaya ko ba ɗaya ba. Abin da muke karantarwa a kan haramcin bin diddigin asirin mutane, da wajabcin mayar da amana ga mai ita, na gan shi ana aikata shi a wata 'yar rumfa mai rufin kwano, shekaru da dama, ba tare da an yi masa shela ba.

Da janareto ta fara, kamar kowa. Da farantan sola suka fara shigowa garin nan, tana cikin na farko da suka ɗora su, ana yi mata dariya ana cewa za ta dafa waya da rana. Ta bi masu haɗa su tana riƙe musu tsani har ta koyi aikin. Rumfarta ba za ta ɗauki nauyin farantan ba, sai ta roƙi mai babban shagon da ke bayanta ya bar ta ta ɗora su a kan rufinsa, ya yarda.

Amma ba wutar rana ce ta bambanta ta da sauran ba, ƙa'idarta ce. A gefen teburinta akwai wata kujera 'yar tsugunne da ba ta bari kowa ya zauna a kai sai mai wayar da ake gyarawa. In ka kawo gyara, sai ta zare layinka da katin ajiyar hotuna ta danƙa maka a tafin hannu. In aikin ya kai ga buɗe waya, sai ta juya maka baya ta fuskanci bango har ka danna lambobinka da kanka. In mai waya ba ya nan, za ta yi caji, za ta canza gilashi, amma ba za ta cire kulle ba ko da wa aka zo. Mun san yadda mutanenmu suke, musamman waɗanda ba su yi karatu ba: mutum zai miƙa waya yana faɗin lambar sirrinsa da ƙarfi kamar mai kiran akuya. Na taɓa tsayawa a wurin, sai wani tsohon makiyayi ya fara, "Uku, bakwai..." Ƙauna ta toshe kunnuwa da yatsu.

"Baaba, rufe baki! Ka san ni ne? Wataƙila ni ce babban ɓarawo na kasuwan nan."

Tsoho ya yi dariya ya ce, "'Yata, ɓarawo ba ya toshe kunne."

Ta ce, "To na bayanka fa, ya toshe?"

Tsoho ya waiwaya, waɗanda ke layi suka kwashe da dariya. Ta kama yatsansa ta nuna masa inda zai danna, fuskarta na kallon bango.

Abin da zan ba da labari yanzu na nemi izinin mai shi kafin in rubuta, ta kuma amince. Ɗaya mutumin na sakaya sunansa, zan kira shi Maishanu kawai saboda sana'arsa, domin ba tona shi na zo yi ba.

Akwai wani maƙwabcinmu a Yelwa, Malam Aƙilu, Allah Ya jiƙansa. Ya rasu ya bar matarsa Saliha, wadda aka fi sani da Maiturare saboda turaren wuta take sayarwa a kasuwa, da 'ya'ya uku ƙanana, babbansu Jabir. Ta shiga takaba. Gidan ba shi da wuta sai in an kawo, ita kuma ba ta fita, don haka duk lokacin da wayarta ta mutu sai ta ba wanda zai shiga kasuwa ya kai mata caji. Wata rana wan mijinta, Maishanu, ya zo gaisuwa ya ce ta kawo ya kai mata. Ta ba shi. Shi ne kuma mai shagon da farantan Ƙauna suke kan rufinsa.

Ashe an kai masa tsegumi cewa ana jin Saliha tana waya a ɗaki tana kuka tana dariya, wai wani ne yake nemanta tun ba ta fita takaba ba. Mutumin yana cikin zafin rashin ƙaninsa, maganar ta zauna masa. Ya ƙudura cewa in ya samu shaida a cikin wayar, zai kai gaban dangi ya karɓe yaran ya tafi da su gidansa na Sunkani. Ya je wurin Ƙauna ya ce wayar marigayi ce, an manta lambar, ta cire kulle.

Ƙauna ta karɓa ta zare rigar wayar. Ƙamshin turaren wuta, wanda ya shiga robar tun shekarun zaman kasuwa, ya buge ta. Ta gane wayar da ta sha yi wa caji.

Masu doya da suka shaida sun ce cewa ta yi, "Alhaji, wannan waya ba na marigayi ba ne. Na Maman Jabir ne."

"Ke aka tambaya? Buɗewa na ce ki yi."

"Ta zo ta zauna a kujeran nan, in buɗe."

"Mai takaba ce, ba ta fita. Mai takaba ma ina ruwanta da waya? Ba ni, in kai wa wanda ya san aikinsa."

Nan ne ta yi abin da ya fi ƙin buɗewa wuya. Ta saka wayar a aljihun rigar aikinta ta ce ba za ta ba shi ba, sai dai su tafi tare wurin mai ita ko wurin malamin unguwarsu. Ya nuna rufin shagonsa da sanda ya ce, "Kin san a kan na wa kike cin abinci?" Ta ce ta sani. Ta bar rumfar a hannun maƙwabciyarta, suka shiga keke ɗaya har ƙofar zaurena, ana idar da sallar Azahar.

Na saurare su duka biyu. Na gaya wa Maishanu abin da ke cikin shari'a: takaba ta hana mace ado da sa turare da ɗaura aure da kwana a wani gida ba da larura ba, amma ba ta hana ta magana da 'yan'uwanta ba, waya kuma dukiyarta ce, ba ta cikin gado. Wanda ya yi zargi shi ke kawo shaida, ba a kuma samo shaida ta hanyar fasa asirin mutum. Sannan muka je gidan, na tsaya a bakin ƙofa da shi, Ƙauna ta shiga daga bayan labule.

Da Saliha ta ji abin da ake ciki, muka ji kukanta daga waje. Ta ce, "Malam, ku buɗe. Ga lambar zan faɗa. Ku duba komai, in dai za a bar mini 'ya'yana."

Kafin in yi magana na ji muryar Ƙauna. "Maman Jabir, kar ki faɗa. In kin buɗe yau saboda tsoro, gobe za a kawo mini wayan wata, a ce ai Saliha ma ta buɗe. Riƙe abinki."

Sai Saliha ta ce a hankali, "Malam, dole ne?"

Na ce, "Ba dole ba ne, 'yata."

Ta ce, "To ba zan buɗe ba."

Da dangi suka zauna bayan sadakar arba'in, aka tambayi Maishanu shaidarsa, ba shi da komai sai "an ce". Dattawan gidansu suka yanke cewa yara na hannun uwarsu. Suna hannunta har yau, babban ma yana zuwa karatu zaurena. Abin da ke cikin wayar nan kuwa, ni ban sani ba, Ƙauna ba ta sani ba, ba kuma haƙƙinmu ba ne mu sani.

Ita kuwa ta biya farashin abin da ta yi. Washegarin ranar da ta ƙi buɗe wayar aka sauke mata farantanta daga rufi. Damina guda ta yi tana turo su a baro kowace safiya, ta jingina su a ƙasa a bakin rumfa, tana juya su yadda rana take juyawa, tana kwashe su da gudu in hadari ya taso. Ɗaya ya tsage da wata mota ta ja baya. Masu caji da yawa suka koma wani wuri saboda wutarta ta ragu. Sai daga baya wani tela, Nehemiya, ya ba ta rufinsa. Ban taɓa jin ta ambaci Maishanu da mugun baki ba. In an tayar da zancen sai ta ce, "Ƙaninsa ne ya mutu, ku bar shi."

A cikin wannan halin ne ta koma gidan Saliha da wani ɗan ƙaramin farantin sola wanda bai fi faifai girma ba, ta ɗaure shi a saman tagar ɗakin takaba, ta zuro wayar wuta ciki. Ta ce ta yi tunani ta ga duk abin nan ya faru ne domin wayar ta fita daga hannun mai ita neman wuta. Daga ranar ta shiga lallashin matan kasuwa da na ƙauye su mallaki irinsa a gida, tana haɗa musu, tana koya musu gogewa da kare shi daga ruwa. Aka ce mata, "Ƙauna, kina korar masu cajinki da hannunki." Ta ce, "Rana na kowa ne. Waya ya kwana a gidan mai shi ya fi."

Ƙauna 'yar Tobiya, ke ce mai juya baya ga abin da wasu suke miƙa wuya su leƙa. Ke ce wadda hotunan matan mutane da saƙonnin marasa lafiya da koke-koken mabuƙata suka ratsa ta hannunki shekara da shekaru, ba a taɓa jin ɗaya a bakin kasuwa ba. Ke ce kika tsaya tsakanin gwauruwa da mai ƙarfi alhali abincinki yana kan rufinsa. Ba 'yar'uwarki ba ce, ba coci ɗaya kuke zuwa ba, ba ta kuma roƙe ki ba. Ni da jama'ar Yelwa muna gode miki, kuma muna shaida.

Ina kira ga samarin da suka cika garin nan da rumfunan gyara da caji: ku sani wayar da aka miƙo muku ɗakin mutum ce, kuma za a tambaye ku abin da idonku ya gani. Ina kira ga magidanta da 'yan'uwan miji da iyaye: damuwa da naka ba ta halatta maka fasa asirinsa, ka zauna da shi ka tambaye shi da bakinka. Waɗanda Allah Ya hore wa kuma, ku taimaki gwauraye da tsofaffi da ɗan farantin sola a gida, domin mai wutar kansa ba ya miƙa sirrinsa ga wanda bai yarda da shi ba.

Ya Allah, Ka jiƙan Malam Aƙilu, Ka yalwata kabarinsa, Ka raya marayunsa a gaban mahaifiyarsu cikin aminci. Ka jiƙan iyayenmu da malamanmu da dukkan musulmin da suka riga mu. Ka sanyaya zuciyar ɗan'uwan da baƙin ciki ya ja shi ga zato. Ka ba Ƙauna lafiyar idanunta, Ka saka mata da alheri, Ka shiryar da mu da ita zuwa ga abin da Ka yarda da shi. Wanda ya karanta wannan kuma, Ka rufa masa asiri duniya da lahira, Ka hana hannunsa tona na wani. Amin.