Matalo da Gwangwaninsa Biyu

Duk wanda ya san Alhassan Matalo ya san ba ya shiga gidan mutum bai ƙwanƙwasa wani abu ba. Turmi, akushi, azarar ɗaki, duk icen da ya gani sai ya buga shi da gaɓar yatsa, ya kara kunne, ya girgiza kai ya ce, "Wanga ya sha ruwa." A Tawa fa, inda mu kanmu ba mu ƙoshi da ruwan ba.

Ni taubashinsa ne, uwata da ubansa ciki ɗaya. Abin da zan faɗa yau na sha faɗa masa a gaban idonsa, kuma ya sha ramawa.

Ya dawo daga Abijan shekarar da ta bi samun ƴancin kai. Ƴan ci-rani sa'o'insa sun zo da keke, wasu da rediyo. Shi kuwa kamyo, babbar motar kaya, ya sauke shi tasha da tsohon kwalekwale mai tsaga tun daga hanci har ciki, da gwangwani biyu da ya rungume kamar tagwaye. Na ce, "Teku na biye da kai cikin wata mota?" Ya ce, "Bawana, bar surutu ka kama can." Sunan Matalo ma shi ya zo da abinsa, wai haka Nasara ke kiran ma'aikatan jirgin ruwa.

Da anka aje jirgin tsakar gida, kowa ya zama gwani. Maƙeri ya ce a buga masa facin kwano, wani direba ya ce kwalta, tsohuwata ta ce ƙaro da tsumma. Matalo ya bi su ɗaya ɗaya. "Ƙusa ta yi tsatsa. Kwalta rana ta narke ta. Ƙaro kuwa, Inna, da ya ga ruwa ya koma kunu. Rezin kaɗai." Rezin ɗin shi ne abin da ke cikin gwangwanayen nan. Babban kamar zuma, ƙaramin tsararo mai wari. Kowane shi kaɗai ba ya tsinana komai, amma in an gauraya su sai su yi zafi su daskare kamar dutse. Sharaɗin, in ji shi, sai ice ya bushe ƙarau an goge shi da takarda mai yashi.

Haɗin farko cikin ƙwaryar matarsa Tsahara ya yi shi, da ludayinta, cikin zafin bazara. Yana cikin juyawa sai ga liman da sallama. Kun san gaisuwar limaminmu: gajiyar hanya, iyali, mutanen Abijan, har danginmu na ƙauyen Bambeye sai da anka bi su gida gida. Matalo na waiwayowa ya tarar ludayi tsaye ƙyam, ƙwarya na hayaƙi. Tsahara ta ja ludayi, ƙwarya ta biyo shi. Ta ce, "Malam, wagga furar wa za ya sha ta?"

Tun daga ranar, in yana haɗi, ko wa ya yi sallama sai dai ya amsa wa kansa. Liman ya yi masa faɗa, ya ce, "Allah gafarta malam, sallama tana jira, rezin ba ta jira."

Ga shi da tsimi. Ɗan abin da ya rage a gindin kwano ba a zubarwa, sai ya fita unguwa neman abin da ya tsage. Ya liƙe turmin maƙwabta, ya liƙe ƙahon akuya. Ni takalmina na fata ya samu ina barcin rana. Na tashi na tarar da shi kamar allo. Na ce, "Ba ya lanƙwasawa." Ya ce, "Ƙafarka ta koyi tafiya miƙe."

Damina ta faɗi, tabkin hanyar Affala ya cika, munka ce a kai jirgi. Ya ƙwanƙwasa ya ce bai bushe ba. Ya ƙara shafi, ya goge, ya sake shafawa. Duk wanda ya tambaya, amsa guda: "Sai ya bushe." Ranar da ya yarda, munka ɗauko shi a ka, yara na binmu da kiɗan gwangwani. Munka iske tabki ya koma taɓo ya tsattsage, jakai na kiwo a tsakiya. Tsahara ta dubi jirgi, ta dubi tabki, ta ce, "To, Malam, duka biyun sun bushe."

Shekara na zagayowa labari ya kai ga sakataren jam'iyya na lokacin, ba sai na ambaci sunansa ba. Ya aiko cewa ranar bikin ƴancin kai zai shiga jirgin, jama'a su ga ci gaban da gwamnati ta kawo Adar. Jirgin da ko jin labarinsa gwamnati ba ta taɓa yi ba. Matalo ya ji daɗi, ya ce sai ya gyara katakon zama. To ƙaramin gwangwani ya kusa ƙarewa, sai ya riƙa ɗiga shi kamar maganin ido. Haɗi bai ji ba. Na taɓa na ce, "Wanga na danƙo." Ya ce, "Hannunka ne ke da maiƙo."

Sakatare ya zo cikin babbar rigar shadda, ya zauna. Ƴan lakwal, yaran makarantar boko, na waƙa, Matalo na tura jirgi da gora gefe-gefe. Da lokacin jawabi ya yi, sakatare ya yunƙura, bai tashi ba. Ya sake yunƙurawa, jirgi ya yi tangal-tangal. Wani gardi ya shigo ruwa da wuƙa zai ɓamɓare katako, Matalo ya riƙe hannunsa. "A yanke rigar. Shadda akwai ta kasuwa, katakon ga daga Abijan ya hito."

Rigar anka yanke. Sakatare ya koma mota da baya da baya, yana ɗaga wa jama'a hannu.

Ba dariya ta biyo baya ba. Zamanin nan abin da bai kai wannan ba ya ɓatar da mutane. Anka kai Matalo kaso anka kulle, wai ya yi wa ci gaban ƙasa zagon ƙasa. Tsahara ta yi ta zarya da tuwo, dattawan unguwa sunka yi ta zaman ƙofar biro, ofishin hukuma, har Allah ya sa anka sako shi. Jirgi kuwa anka girke shi gaban biro, anka cika shi da ƙasa, anka shuka furanni. Na je yi masa barka, ina cewa zai ba ni labarin kaso. Ya ce, "Bawana, ka gani? Ta ciki suke ba shi ruwa."

Bayan ƴan shekaru anka yi damina mai ƙarfi. Ƙorama ta kawo ta raba mutanen ƙauyukan arewa da kasuwa da likita. Sabon sakatare ya sa anka zubar da furanni, anka kira Matalo. Ya kife jirgi ƙarƙashin rumfa sai da ya sha iska, mutane na zaginsa. Wannan karon ya kwashe sauran ƙaramin gwangwani duka ya zuba, yana kau da kai kamar ana yanka masa rago. Sa'an nan ya shiga ruwa. Ya ƙetarar da mata da awakinsu, da tsofaffi, da marasa lafiya, har ruwa ya janye. Jirgi bai yi yoyo ba. Sai dai duk ƙetarawa fuskarsa kamar toka, bakinsa na motsi. Na ce, "Matalo, ina bajintar teku?" Ya ce zazzaɓi ne.

A ciwonsa na ajali na je duba shi. Ya sa Tsahara ta fita ɗebo ruwa, ya jawo ni kusa.

"Bawana, ban iya iyo ba."

Na ce, "Mi?"

"Ban taɓa shiga teku ba. Gugar katako nake yi a inda ake gyaran jirage. Kar ka gaya wa Tsahara."

Daga bakin ƙofa ta ce, "Malam, tun ranar da ka zame cikin kwatami ka yi shahada na sani."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, mu ma muna yi. Sai da na fito waje na tuna yawan mutanen da ya ƙetarar a ruwan da ya fi tsayinsa, ba wanda ya tilasta shi.

Allah ya jiƙan Alhassan ɗan kawuna. Yadda ya kai bayin Allah gaci yana jin tsoro, Allah ya kai shi nasa cikin aminci, ya ba Tsahara haƙurin rashinsa. Amin.