Daga Bishiyar Mangwaro Zuwa Japan

Shekara talatin na yi ina koyar da aikin lantarki, alli da ɗaga murya suka cinye mini maƙogwaro. Ko da na yi ritaya na zauna a gidana a Samaru, magana mai ƙarfi ta gagare ni. Abin da ya fi damuna shi ne rediyona. Ba irin na jin labarai ba ne, irin wanda mai lasisi ke hira da masu sha'awar abin a wasu ƙasashe ne. In na yi kira, sai su ce ba sa jin komai sai dishewa. Na lulluɓe rediyon da tsohon zane.

Wani abokina a Kaduna ne ya gaya mini yanzu akan haɗa rediyo da kwamfuta, ta mayar da rubutu wani siririn fito, iska ta ɗauka. Ba ruwan murya.

Washegari na hau mota sai Sabon Gari, wajen wani ɗan Ibo mai sayar da kayan lantarki da muka daɗe tare. Na zana masa abin haɗin da nake son ƙerawa.

"Baba Tisha, wannan kuma na mene ne?"

"Da shi zan gaisa da mutanen bayan teku."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, amma ya zazzage akwatunansa ya samo mini komai.

Kwana huɗu ina haɗawa. Eriyar kuwa wayar tagulla ce kawai, muka ɗaure ta daga mangwaron tsakar gida zuwa gorar da na kafa bayan kicin, matata na riƙe da tsani tana mita.

Ran Lahadi bayan mun taso coci na kunna. Wajen la'asar na tura lambar kirana, wadda ke kan lasisina. Shiru. Na sake turawa. Matata ce, da ta shigo da kunun zaƙi, ta nuna allon kwamfutar.

"Malam, wancan jan layin fa?"

Na gyara tabarau. Wani ne daga Japan yake amsa mini. Na mayar masa, ya ce ya ji ni sarai. Ƙarfin wutar da na yi amfani da shi bai kai na ƙwan fitilar falo ba. Kafin mu gama, masu kira sun yi layi, daga Brazil, daga Poland, kowa na son Nijeriya, don mu kaɗan ne a wannan harka. Kunun ya huce ban sani ba.

Bayan wata biyu kati ya iso ta gidan waya daga mutumin Japan ɗin nan, da hotonsa, wani dattijo a gaban na'urorinsa. A baya ya rubuta da Turanci cewa ya daɗe yana neman ƙasarmu, sai a kaina ya dace.

Ban yi kwana biyu da katin a hannuna ba. Matata ta sa shi a jakarta ta tafi taron zumuntar mata, inda na ji ta ce musu, "Mu ne muka ɗaure wayar."